Sai Baƙi Sun Ci Abinci

Tun jiya da hantsi Jacinta ke naƙuda, har gari ya sake wayewa haihuwa ba ta zo ba. Uwarta Lai'atu ta yi kuka har ya ƙare, ta yi addu'a har bakinta ya gaji, ta yi faɗa da tsohuwar ungozomar da ke ta cewa ai cikin fari haka yake. Yanzu babu abin da ya rage mata. Ko tsunkulinta aka yi ba za ta ji ba. Takan shiga ɗakin ta goge wa 'yarta gumi, ta fito ta iza wuta, ta sake komawa, ba ta ma san tana yi ba.

Ƙauyensu can yake a bayan dutsen Kagoro, inda hanya ta gaji ta tsaya. Da damina ko 'yan acaɓa sai sun ga dama suke hawa, balle mota. Idan haihuwa ta yi gardama, maza ne ke ciro ƙyauren ɗaki su ɗora mace a kai, su sauka da ita a kafaɗa har bakin titi. Mijin Jacinta, Luke, yana Kwoi yana ƙwadago a gonar citta, wayarsa kuma ba ta shiga. Shi ya sa da sassafe Lai'atu ta ɗaura zani ta nufi gidan Mai unguwa neman maza.

Ta same shi ya ci ado, har da hular da yake zuwa taron hakimi da ita. Ya saurare ta, sai ya tafa hannu.

"Maman Jacinta, ai Ubangiji ya riga ya amsa miki! Yau baƙi za su zo daga Kafanchan, da mota. Mota fa, ba ƙyaure ba. Don me za a wahalar da yarinya a kafaɗa?"

"To suna isowa sai in faɗa musu?"

"Kul! Kada in ji. Kin manta doka?"

Ba ta manta ba. Bara waccan wasu baƙi sun taɓa hawowa, mutane suka yi musu caa tun kafin su kashe mota. Wannan ya miƙo ƙafa mai gyambo, waccan ta turo yaro mai kumburin ciki, har aka yaga wa ɗayansu riga. Baƙin suka juya ko ruwa ba su sha ba, rijiyar burtsatsen da aka sa rai da ita kuma sai ga ta a ƙauyen gaba. Ko saboda haka ne, ko ba saboda haka ba, oho. Shi dai Mai unguwa ya ƙulle abin a ransa, ya sa aka yi sanarwa a coci cewa daga yau babu mai roƙon baƙo komai sai ya ga makaranta, ya ci abinci, an yi masa rawa.

"Suna wanke hannu, ni da bakina zan yi maganar," in ji shi. "Ke dai je ki ɗora tukunya. Ba ke ce shugabar zumuntar mata ba?"

Ta ce, "To." Da jiya ne da ta zage shi tas, ta ciro ƙyauren da hannunta. Yau kuwa "to" ɗin ce kawai ta fito.

Rana ta ɗaga sosai kafin a ji gurnanin injin. Wata farar a-kori-kura ce, tana tangaɗi a kan duwatsun da samari suka cike ramukan hanya da su. Ta zo ta tsaya a gindin mangwaro, daidai inda Lai'atu za ta iya hangen ta daga madafarta. Mutum biyu suka fito. Direban shi ne Dozie, ɗan wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, haifaffen Kafanchan, Hausa a bakinsa har ta fi ta mutanen ƙauyen. Ɗayar kuma yarinya ce doguwa mai hijabi ruwan toka, Fatimatuzzahra'u, 'yar masu sayar da hatsi a kasuwar Kafanchan, wadda ta gama kwalejin koyon malanta aiki bai samu ba.

Ita ce ta yi bayani. "Mu 'yan sa-kai ne. Ba gwamnati ce ta aiko mu ba, kuma gaskiya ba mu kawo komai ba. Mun zo ne mu ji yadda kuke rayuwa, lafiyarku da karatun yaranku, mu fahimta."

Aka yi tafi raf-raf. Dattawa suka kalli juna suna gyaɗa kai, wai ai masu babbar kyauta haka suke fara magana. Kai, jama'a! Yarinya ta faɗi gaskiyarta tsirara, babu wanda ya yarda.

Aka wuce da su makaranta, inda aka jera yara cikin kayan makarantar da aka aro daga gida-gida. Lai'atu na jin waƙarsu daga nesa. Ta zagaya ɗakin baya na kusa da rumbu, inda aka mai da Jacinta don kada nishinta ya kai kunnen baƙi. Ungozoma ta ba ta tsumma tana cizo. Da ta ga uwarta sai ta tofar da shi, ta yi magana da yarensu.

"Na ji mota."

"Ta zo."

"To me muke jira?"

"Suna makaranta."

Jacinta ta kalle ta, kallon da ya kamata ya tsaga zuciyar uwa. Lai'atu ta ga kallon sarai, ta san abin da yake nufi, amma bai shige ta ba. Ta gyara mata zani ta koma wurin tukunya.

Tana tuƙa tuwon acca sai ga Fatimatuzzahra'u da sallama. An ce mata in tana son jin zancen mata, wurin shugabar zumunta za ta je. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta jawo turmi ta zauna, ta nemi izinin kunna wayarta ta ɗauki maganar.

"Mama, kafin mu fito an koya mana kada mu kutsa cikin sirrin gidan mutum. Saboda haka ba naki nake tambaya ba, na gari ne gaba ɗaya. Kin gane?"

"Na gane."

"Ina kuke zuwa asibiti?"

"Ƙasa. Kagoro, ko Kafanchan."

"To idan mace tana naƙuda, haihuwa ta ƙi zuwa, me kuke yi?"

Muciyar ta tsaya a cikin tukunya. Ɗakin da Jacinta take bai fi a kira mutum ya amsa ba daga inda suke zaune.

"Muna jira," in ji Lai'atu.

"Jiran me, Mama?"

"Wani lokaci mota. Wani lokaci Ubangiji."

"Allah sarki. Akwai wadda abin ya taɓa samu a nan?"

"Akwai."

Da yarinyar ta ce "wace ce?", wallahi da maganar ta fito, don tana nan a kan harshe. Amma an koya mata kada ta kutsa. Ta sunkuyar da kai cikin tausayi, ta ɗan yi shiru na girmamawa kamar yadda aka koya musu, sannan ta ce, "To ruwan sha fa, daga ina kuke ɗebowa?" Daidai nan Mai unguwa ya gitta ta bakin danga yana gyaran murya. Lai'atu ta ba ta labarin rafi, da yadda yake yin ja da damina, da tsutsar da yara ke fama da ita. Ta amsa komai tiryan-tiryan, babu gargada. Ladabin wannan ya haɗu da ladabin waccan, kowa ta tsaya a nata gefen, Jacinta kuma tana can bayan rumbu tana cizon tsumma.

Aka kai abinci gindin mangwaro. Har Bafillacen rugar da ke gefen gari aka kira ya yanka kajin, don Musulmar baƙuwa ta ci hankali kwance, Mai unguwa kuma bai bari wannan ya wuce ba sai da ya faɗa mata. Ta ji daɗi ƙwarai, ta yi ta godiya. Lai'atu na tsaye da ƙwaryar ruwan wanke hannu, idonta a kan tayar motar. Dozie ya yi ƙari, ya yaba miyar karkashi, ya ce tun rasuwar maƙwabciyarsu bai ci irinta ba.

Suka wanke hannu. Mai unguwa ya miƙe, ya gyara hula. Lai'atu ta ajiye ƙwaryar.

Sai ya fara da tarihin yadda kakanninsu suka hau dutsen nan. Daga nan ya gangaro zuwa zuwan 'yan mishan, da wanda ya ba da filin makaranta, har ya iso kan ruwa. A kan ruwa kuwa ya yi zamansa. Da ya juyo suka haɗa ido da Lai'atu, sai ya ɗan ɗaga mata hannu, alamar bayan rawa. Ba mugu ba ne, kada a ɗauke shi haka. Shi ya riƙe Jacinta ranar baftismarta. Burtsatse ce kawai ta cika masa ido har ba ya ganin komai.

Aka buga ganga, mata suka shiga fili da kacau-kacau a ƙafa. Lai'atu ta hango ungozoma a bakin danga, ba ta yafito ta ba, tsaye kawai take hannuwanta a sake. Ta bi ta. A ɗakin babu nishi yanzu. Tabarmar ta jiƙe da jini har ya gangaro ƙasa, leɓɓan Jacinta sun yi fari, idonta a buɗe amma ba ya bin kowa.

Lai'atu ba ta yi ihu ba, ba ta yi gudu ba. Ta fito, ta ratsa tsakiyar masu rawa kamar mai zuwa ɗiban ruwa, ta wuce gaban Mai unguwa ba ta dube shi ba, ta kama gefen hijabin baƙuwar.

"Yarinya na yana naƙuda tun jiya. Ki zo ki gani."

Fatimatuzzahra'u ta leƙa ɗakin sau ɗaya, ta ƙwalla salati da ƙarfin da ya tsai da ganga. "Dozie! Dozie, kawo mota! Mama, haba Mama! Tun ɗazu ina zaune da ke! Ni na tambaye ki da bakina! Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ba ku ci abinci ba," in ji Lai'atu.

Nan da nan aka samu mazan da aka rasa da safe. Aka jefa katifa a bayan motar, aka ɗora Jacinta, Mai unguwa da kansa yana riƙe da gefe guda, hularsa ta faɗi ana tattaka ta. Lai'atu ta hau ta ɗora kan 'yarta a cinya. Fatimatuzzahra'u ta zauna ta wajen ƙafafu, ta ɗaga su ta rungume a ƙirjinta, don abin da ta tuna ke nan daga ɗan horon taimakon gaggawar da aka ba su.

Gangaren ya fi hawan wuya. Motar na dukan duwatsu tana watsa su gefe da gefe. Fatimatuzzahra'u na riƙe da ƙafafun da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaga waya sama yana neman sabis. Tana kuka, tana addu'a, tana buga rufin motar tana ce wa Dozie ya yi sauri, sannan ta sake bugawa ta ce ya yi a hankali. Takalminta ɗaya ya faɗi a hanya ba ta sani ba.

Lai'atu ta ɗora tafin hannunta a wuyan Jacinta. Tana jin ɗan motsin nan a ƙarƙashin yatsunta, yana zuwa yana ɓacewa, yana sake zuwa. Suka wuce gonakin dawa, suka tsallake rafi, suka fara ganin rufin kwanon Kagoro. Daidai inda taya ta hau kwalta, girgiza ta lafa, motsin ya tafi. Ta jira shi. Ta matsar da yatsunta, ta sake jira. Bai dawo ba.

Ta shafa fuskar 'yarta daga goshi zuwa ƙasa, ta jawo bakin zaninta ta yi mata inuwa. Ta nemi kukan a ƙirjinta, ta tarar babu kowa a wurin.

"Ya shiga! Sabis ya shiga!" Fatimatuzzahra'u ta samu wata 'yar ajinsu ta sakandare da ke aiki a asibiti, tana ta roƙonta su fito da gado bakin ƙofa, su nemo jini, ita ma za ta bayar in nata ya yi daidai. Ta kashe wayar ta juyo, fuskarta jage-jage da hawaye da ƙura, tana murza ƙafafun Jacinta don su yi ɗumi. "Ta samu barci ko? Gara haka, ta huta. Mama, kada ki damu, suna jiranmu. Ga Kafanchan can, mun kusa."

Lai'atu ta dube ta. Hijabin ya ɓaci da jini, ba zai sake wankuwa ba. 'Yar mutane ce, ta baro gidan ubanta da safe don ta zo ta ji yadda suke rayuwa. Irin wannan magana ba a faɗa wa baƙo a kan hanya.

"Ee, mun kusa," in ji ta. "Sannunku da ƙoƙari."

Dozie ya danna oda bai ɗaga hannu ba, 'yan acaɓa suna ta kauce masa.