Jan Alƙalami da Shuɗin Baho

An ɗauke ni aiki a masana'antar roba don in rage kayan da ke fitowa da aibu. Ban daɗe da zuwa ba kayan masu aibu suka ninka.

Aikin ba wuya. Tebur aka ba ni a ƙarshen layi, kusa da masu ɗaure kaya, da jan alƙalami mai kauri. Bokiti ko baho ya iso gabana, in juya shi, in duba gindi, in ja mariƙi. Wanda ya tsage ko bakinsa ya karkace, in ja masa layi. A jami'a mun karanta duk abin da lalataccen kaya ke ci: robar da ta tafi a banza, wutar da inji ya sha, lokacin ma'aikaci, abokin cinikin da ya yi fushi bai dawo ba. Na ci wannan darasin da kyau. Ba wanda ya koya mana yadda ake kallon sa'ar uwarki a ce mata a'a.

Tun kafin in zo akwai ƙa'ida a wurin: duk abin da aka ja wa layi, ma'aikaci na iya tafiya da shi gida.

Gwaggo ce ta fara. Ita ce babba a masu ɗaure kaya, har Manaja Gwaggo yake ce mata. Ta dire wani shuɗin baho a gabana.

"'Yata, duba min wannan. Kamar bakinsa ya ɗan kauce ko?"

Na juya shi. Ko a kanti ban taɓa ganin mai kyansa ba.

"Ban gani ba, Gwaggo."

"Ƙara dubawa dai. Ni ba sauri nake ba."

Ta tsaya a kaina tana gyara ɗankwali. Na yi ta dubawa har bakin ya fara kaucewa a idona. Na ja layin.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai ko'ina. Dogo mai inji ya kawo bokiti yana cewa, "Malama Inganci, wannan launin nasa bai zauna ba." Direba ya kawo kwando. Maigadi ko uzuri bai kawo ba, gaishe ni kawai ya yi, ya tambayi mutanen gida, na ja masa layi.

Manaja ya kira ni ofis. A gabansa ga jadawalin da ni da kaina na zana, mai launi-launi, har da kibiya.

"Malama, inji ɗaya, roba ɗaya. Amma shuɗi da kore ne ke lalacewa. Ruwan ƙasa, wanda ba mai so, ko sau ɗaya bai taɓa yin aibu ba. Me karatunki ya ce?"

"Ana kan bincike, ranka ya daɗe," na ce, idona a kan takalmina.

"Kafin ki zo kyauta muke yin asara. Yanzu muna yi, muna kuma biyan mai ƙirga mana. In bai sauka ba zuwa ƙarshen wata, za mu ɗauke teburin nan."

A gida na faɗa wa Mama. Ta ce, "Ke da ko ruɓaɓɓen tumatir aka auna miki godiya kike yi, wa ya aike ki aikin hana mutane?" Sannan ta ƙara da cewa, "In an samu shuɗin bokiti mai murfi, ki tuna da ni."

Na tsaya gaban madubi na yi ta gwada a'a, da kakkausar murya, da murmushi, da ɗaure fuska. Washegari Dogo ya zo, na buɗe baki, "to" ta fito.

A sito na ga wani tsohon tampol. Na sa aka rataya shi tsakanin teburina da layi, aka bar ɗan fili ta ƙasa inda kaya za su shigo. Na ce wa Manaja sabon tsari ne, mai dubawa ba ya sanin daga hannun wa kaya suka fito. Ya gyaɗa kai, ya ce lallai karatu ba ƙarya ba ne.

A bayan tampol na zama wata iri. Ba ido, ba gaisuwa. Mai kyau dama, mai aibu hagu. Har ɗan ƙwanƙwasa bokiti nake yi kamar likita.

Sai wata safiya wani shuɗin baho ya shigo a hankali, hannu mai zoben azurfa na turo shi. Aka yi gyaran murya.

"'Yata, kina nan?"

Na lafe a kujerata.

"Ina ganin ƙafafunki fa."

Na janye su ƙarƙashin kujera. Na juya bahon, lafiyarsa ƙalau. Na rufe ido, na tura shi dama. Hannun ya daɗe a wurin kafin ya koma.

"Dogo," na ji ta ce, "yarinyar nan ta lalace."

Ƙarshen wata jadawalin ya sauko ƙasa. Ba a ɗauke teburin ba. Gwaggo na amsa gaisuwata da hanci, abincin rana kuma a bayan tampol nake ci. Jiya Manaja ya ce zan je wani reshen masana'antar in tsaya gaban ma'aikata in yi musu bayanin sabon tsarin.

Na ce to. Sannan na tambaye shi ko motar da za ta kai ni za ta ɗauki tampol.