Sunan da Baturiya Ta Kasa Faɗa

Har yau in na tuna abin da Baturiya ta yi wa ɗiyarta, sai raina ya ɓaci. A shekarar ƙidayar jama'a, 1977, mu uku ne mata a biro, wato ofishin ƙididdiga na Magarya: ni mai buga takardu, Baturiya shugabar mata masu ƙidaya, sai Nafi, ɗiyarta ta fari. Ita ta koya wa Nafi aikin tun daga tushe, yadda ake shiga gidan kulle, da yadda ake lallashin matan ruga su faɗi yawan 'ya'yansu ba tsoron baki. Yarinyar kuwa akwai kai. Kafin a gama zagayen Dungas, uwar ce ke kawo mata alƙaluma ta duba.

Bayan ƙidaya wani babba ya zo daga Yamai da gurbi ɗaya tak a lakwal, wato makarantar ƙididdiga, a ƙasar waje. Ya ce kowane shugaba ya faɗi wanda ya cancanta cikin mutanensa. Mushe Hamma, wato Malam Hamma da Faransanci, shugaban maza, ya miƙe ya yi ta koɗa ƙanen matarsa Dogo kamar maroƙi. Dogon da ya ƙirga ruga ɗaya sau biyu a Kwaya don masu ita sun yi ƙaura!

Da aka zo kan Baturiya, sai ta sunkuyar da kai. Kowa ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yabe shi a bainar jama'a. To amma yau ranar kunya ce?

Ta ce, "Akwai waccan. Tana dai taɓawa."

Baƙon ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Ya tambaye ta wace ce waccan, ya ce ta faɗi suna. Na taka mata ƙafa har sai da na ji tausayin yatsunta, ko gezau. Da na gaji na ce Nafi, sai ya ce shugaba ya tambaya, ba mai buga takardu ba. Hamma ya san sarai abin da shirun yake nufi, amma ya kama bakinsa yana gyaran hula. Baƙo ya ɗauka Baturiya ba ta yarda da yarinyar ba ne, ya ba Dogo gurbin.

Nafi ba ta yi kuka ba. Ta haɗa kayanta ta fita, ba ta dubi kowa ba.

Da biro ya watse, Baturiya ta zo ta tsaya a kaina, idonta jawur. Ta leƙa ƙofa ta tabbata ba kowa, sannan ta rage murya.

"Saratu, wallahi yarinyar nan ta fi ni. Ban taɓa ganin mai kai irin nata ba."

Na ce, "Yaya, ni kike gaya wa? Ni ina da lakwal ne?"