Kwalba ta Bakwai

A ɗakin gwajin magunguna kowa Anti Tsaf yake ce mata, don ko ƙuda ya sauka a teburinta sai ya goge ƙafa. Aikinta duba abin da jiki ke yi wa magani bayan an haɗiye shi. To, a cikin fararen ƙwayoyin jini, sojojin nan masu yaƙar cuta, akwai wani sinadari wai shi feroksidas. Shi take ɗigawa a kwalba tare da magani da haidirojin, mai kumfar nan na wanke miki, ta ga ko maganin zai canza. Dokarta ɗaya ce: da tataccen ruwa ake haɗi, don gishiri yana toshe mata injin awo.

Wata shekara aka kawo mata sabuwar ma'aikaciya, gwajin wata shida, in ta yi kyau a riƙe ta. Yarinya ce mai kai, sai dai komai sai ta ce don me, har aka sa mata 'Yar Tambaya. Ran nan suna gwada wani sabon magani, kwalabe shida suka tsaya garau, ta bakwai ta rine ja kamar tsatsa.

"Ke, me kika zuba a nan?"

"Ruwan gishiri, Anti. Na ga ai jinin mutum ba tataccen ruwa ba ne."

"Iye! Miya muke yi? Shekarata ashirin a ɗakin nan, yau ƙwai zai koya wa kaza kwanci?"

Ta tuttular da kwalbar a wurin wanke hannu. Da wata shida suka cika, ta rubuta a takardar yarinyar cewa ba ta bin ƙa'ida. Ba a riƙe ta ba.

Kwanci tashi, shekara tara. Likitoci suka fara kuka cewa wasu masu shan maganin nan fararen ƙwayoyinsu na ƙarewa, ɗan ciwon maƙogwaro sai ya kai su gadon asibiti. Anti Tsaf ta tuna da kwalba ta bakwai. Ta rufe ƙofa, ta sake haɗin da ruwan gishiri da hannunta. Kafin ta aje kwalbar ta yi ja. Ashe feroksidas in ya sami gishiri, haɗa shi yake da haidirojin ya yi wani abu kamar bilicin wanki don kashe cuta, shi kuma bilicin ya ci maganin ya mai da shi guba ga ƙwayoyin da kansu.

Rahoto dole a rubuta shi, amma ta rantse ba zai fita da sunanta ita kaɗai ba. Ta yi cigiya har ta gano 'Yar Tambaya a wani ƙaramin kantin magani kusa da tashar mota, tana bayan teburin sayarwa, ta yi jiki, da tabarau a fuska.

"Lah, Anti Tsaf! Kar ki duba teburin nan, ban goge ba."

Anti ba ta iya dariya ba. Ta ce, "Ƙanwata, ke ce da gaskiya. Kwalbar nan taki da ta yi ja, gubar maganin ta nuna. Na zalunce ki, ki yafe mini. Ki dawo, akwai gurbi, sunanki ne zai zo farko a rahoton."

Matar ta daɗe tana juya wani kwalin magani a hannunta.

"Maganin nan ni ma na sayar da shi, Anti. Da yawa. Jan kwalbar nan bai bar raina ba, shi ya sa duk wanda na miƙa wa sai na ce in maƙogwaro ya yi ciwo ya ruga asibiti. Mai kantin har faɗa yake mini, wai ina korar masu saye."

"To ki zo mu ƙarasa."

"Yafiya na yafe tun tuni. Amma hannuna ya manta awo, ga yara uku, ga mahaifiyata kwance. Da a ce shekara biyar baya kika zo." Ta ɗan murmusa. "Sunan ma bar shi. Ku dai hanzarta."

Wani dattijo a bayan Anti ya yi gyaran murya, ya ce, "Baiwar Allah, in hira ce a ba mu wuri." Anti Tsaf ta matsa gefe. Ta ɗan jima nan tsaye tana kallon yadda matar ke yi wa dattijon bayani tiryan-tiryan, ɗaya da safe, ɗaya bayan cin abinci, kafin ta fita neman mota.