Gam a Kan Fanel

Nas ce a asibiti, amma duk ranar hutunta a teburin falo take ƙarewa, tana haɗa wata 'yar mota mai tuƙa kanta. A ƙungiyarsu ta masu wannan sha'awa ita kaɗai ce mace, kuma mazan ba su ɓoye ba, gani suke ba ta san abin da take yi ba. Ranar Asabar za ta nuna musu aikinta.

Shi ya sa ta yi tankaɗe da rairaya kafin ta zaɓi ƙwaƙwalwar motar, ɗan guntun nan baƙi da ake liƙawa a kan fanel, allon da ke haɗa kayan lantarkin motar. Ta ɗauki wadda ke iya juya taya tana kuma duban hanya a lokaci guda, mai 'yan ƙafafu da za a jona da kwamfuta a ga inda umarni ya maƙale. Liƙin dalma ne kawai ba ta ƙware ba, sai ta ba Auta, ƙanenta mai gyaran waya a kasuwa.

Ana gobe Asabar Auta ya kawo fanel, ya malale shi da baƙin gam har ƙafafun.

"Wannan kuma fa?" in ji ta.

"Haka muke yi, Yaya. Don kada ruwa ya shiga."

Ta jona batir. Motar ta tashi tiryan-tiryan ta doki ƙafar kujera. Ta sake gwadawa. In motar tana duban hanya taya ta tsaya, in taya na juyawa ta makance. Ga kwamfuta a buɗe, ga wayar jonawa a hannu, amma babu inda za ta soka. Ranta ya ɓaci matuƙa, ta ɗauko reza ta hau kankare gam ɗin.

"Yaya, bari mana, za ki lalata!"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Da gam ya ɗaye, lambar da ke jikin ƙwaƙwalwar ba tata ba ce. Wata tsohuwa ce mai aiki ɗaya tal, ko wurin jona kwamfuta ba ta da shi.

"Auta, ina tawa?"

Ya sosa ƙeya. Wai wuta ce ta yi mata yawa ta ƙone, sai ya laluba durowar shago ya saka wadda ya samu.

"Kai, don Allah dube ni! Da ka faɗa tun ranar, ai da na nemo wata. Yanzu ina zan samu kafin gobe? Me ya hana ka magana?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Wallahi na ɗauka ba za ki gane ba."

Ta ajiye rezar a hankali.

"Ashe ba a ƙungiya kaɗai suke ba," ta ce. "Har a ɗakin uwata akwai."