Jan Ƙyallen Tsoho Kho

"Ku juya min na'urar nan, kore take nunawa!" in ji tsoho Kho daga gadon asibiti.

Matarsa Siu-kim ta harare shi. "Bugun zuciyarka ne, rigimamme, ba kasuwa ba."

Shekara hamsin ya yi yana dillancin hannun jari a birnin Tainan, inda ja ke nufin farashi ya hau, kore kuwa ya faɗi. Ba attajirai yake yi wa ba, mu ne, masu kifi da masu taliya. Duk wadda ta rugo a gigice za ta sayar, kalma ɗaya yake ba ta: "Riƙe." Da riƙon nan na rufa gidana. Da ribarsa kuma iyalinsa ke dama wa tsofaffin unguwa kunun shinkafa kullum da safe, kyauta.

Damuwar Siu-kim kuwa ni ta faɗa wa, alhali ta san bakina. Shekarun Kho saba'in da tara. A al'adarmu, wanda ya rasu bai kai tamanin ba, farin ƙyalle ake rataya masa, a yi ta kuka. Wanda ya kai, ja ne a ƙofa, kai a ɗage. A ƙidayarmu kowa ranar Sabuwar Shekara yake ƙara shekara ɗaya, saura kwana uku, likita kuma ya ce da ƙyar ya ga gobe.

Ta sunkuya daidai kunnensa. "Kho, riƙe."

Ya buɗe ido ɗaya. "Ke da kika sayar da hannun jarin siminti a bayan idona?"

"Shekara talatin da wuce wannan! Riƙe, na ce."

Ya riƙe. Aka maido shi gida, aka shimfiɗe shi a falo. Wata mai kifi ta leƙo, ta ce, "Maigida, kasuwa fa ba ta tashi ba."

Da safiyar Sabuwar Shekara ƙamshin kunu ya shigo masa.

"An zuba wa tsofaffin?"

"Ana zubawa."

"Nawa nake yau?"

"Tamanin cif."

"To, farashi ya yi, Siu-kim. A sayar."

Da ya cika, ba ta yarda kowa ya kama mata ba. Da kanta ta hau kujera, ta ɗaura jan ƙyallen a saman ƙofa. Tsofaffin suka riƙa wucewa ta ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa da kwanonsa, tururi na tashi.