Kafaɗa ta Shida

"Nawa kika samu?" Bennie ya tambaya tun kafin Riek ta sauke tukunyar romo a kan tebur.

"Biyar."

"Jiya ma biyar kika ce."

"To yau ma biyar ɗin ne. Ko haifo maka na shida zan yi?"

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da ta tallafe masa ƙeya ta ba shi ruwa. Shekarar Bennie Lammerink tamanin da ɗaya, kuma likita ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa huhun nan da ya sha ƙurar auduga a masaƙa ba zai kai shi bazara ba. Ko a jikinsa. Ya sa an dawo masa da gado falo, jikin taga, yana kallon layi yana shan romonsa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. A ƙauyensu na kusa da garin Almelo, maƙwabta ne ke ɗaukar gawa zuwa maƙabarta, maza shida, ba dangi ba, ba 'yan haya ba. Shi da kafaɗarsa ya ɗauki mutum goma sha tara.

"Ba zan yarda 'yan kamfanin jana'iza masu farar safar hannu su turo ni a keke kamar kayan kanti ba," in ji shi.

Sai dai layin ba kamar da ba ne. Tun da aka rufe masaƙa aikin ya koma Asiya samari suka watse birane. Daga baya aka zo aka kafa wani makeken ɗakin ajiyar kaya a gonar da shanu ke kiwo, aka ciko shi da ma'aikata daga ƙasashen waje. Nan fa layi ya tsage gida biyu. Su Bennie suka rataya tutar ƙasa kai a ƙasa don nuna fushi, su Riek suka ce abin kunya ne. Shekara uku ita da shi ko gaisuwa babu, alhali ƙofarta na kallon tasa. Ciwon nan ne ya sa ta haɗiye fushinta ta tsallako da tukunya.

"Akwai na shida," ta ce. "Ka san shi sarai."

"Wannan ba maƙwabci ba ne."

"Haba Bennie! Bango ɗaya ne tsakaninku. Ka yi tari yana ji."

Leszek take nufi, mutumin Poland da ke tuƙa motar ɗaga kaya a ɗakin ajiyar. Da ya tare shekara shida da suka wuce, Riek ce ta koya masa yadda ake yi: baƙo zai gayyaci 'yan layi gidansa, ya ba su ɗan kofin giya da burodi mai zabibi, ya roƙe su su zama maƙwabtansa. Amma sai na kusa da shi ya fara shiga, in ba haka ba gayya ba ta ɗauru ba. Ranar, Bennie ya zauna a tagarsa ya harɗe hannu. Kowa ya leƙo ya gan shi ya koma. Riek kaɗai ta je, ta zauna gaban burodin mutum ashirin, kunya kamar ta nutse.

"Har yau abin yana ƙona mini rai," ta ce. "Kuma wa kake zato yana kwashe maka ƙanƙara a ƙofa duk shekarun nan?"

Ya ɗago kai. "Ba ke ba ce?"

"Ni? Da wannan ƙugun nawa? A lokacin ma da in na gan ka nake sauya hanya?"

Ya daɗe yana juya cokali a kwano.

"Ba shi na ƙi ba, Riek. Abin da ya kawo shi na ƙi."

"Sai ka gaya masa da bakinka."

"Gayyar nan tasa, tana nan?"

"Burodin dai mun cinye."

Da ta kai wa Leszek saƙo, cewa ya yi bari ya kawo kwalba da kofuna gidan tsohon, ya hutar da shi. Bennie ya ce atafau. A gidan baƙo ake yi, haka uban kowa ya yi, ba a kansa za a fara ɓata abu ba. Don haka ran Lahadi bayan an taso daga coci, mazan nan biyar suka zo suka ɗauke shi cak da kujerarsa, an lulluɓe shi da bargo. Tonnie, wanda a gonar mahaifinsa aka gina ɗakin ajiyar, sai cika yake yana batsewa.

"Don kai na zo fa, ba don shi ba."

"Na ji. Ɗaga naka gefen, kana karkatar da ni. In haka za ku yi ranar, gara ku bar ni na taka da ƙafata."

Taku goma sha biyu ne daga ƙofa zuwa ƙofa, amma sai da aka sha zagi uku. Leszek na tsaye a bakin ƙofarsa da farar riga a goge, gumi na tsatsafo masa duk da sanyin. Ya faɗi kalmomin da Riek ta koya masa, yana tuntuɓe a kansu. Bennie ya karɓi kofi ya kurɓa, idanunsa suka kawo ruwa.

"Kai! Da wannan kuke wanke injuna?"

Aka kwashe da dariya, ban da Tonnie.

"Bari na gaya maka gaskiya," Bennie ya ce. "In gobe aka sake zaɓe, masu cewa a hana baƙi shigowa da na dangwala wa, su zan sake dangwala wa."

"Na sani, Baba. Mu ma an rufe tamu masaƙar. Shekara talatin mahaifiyata tana saƙa a birnin Łódź, can ƙasarmu, rana ɗaya aka sa kwaɗo. Shi ya sa ka gan ni nan."

Bennie ya ajiye kofin. "Masaƙiya ce? Duk ƙarar injunan nan, kunnenta na ji?"

"Sai an yi mata ihu."

"To masaƙiya ce ta gaske!" Ya buga hannun kujera. "Yanko mini burodin nan, maƙwabci."

Awa guda suka yi suna hirar zare da injuna, sauran suna ci suna hamma. Riek ta zauna a gefe, daɗi ya cika ta har ba ta iya cin komai ba.

Ran Alhamis da hantsi, bayan Bennie ya sha rabin kofin gahawa, ya ce wa Riek zai ɗan rintsa. Tana wanke kwanuka ta ji tarin ya yi shiru. Ta zo ta rufe masa ido, ta yi kukanta a zaune, sannan ta buga bango sau uku. Maƙwabci na kusa shi ke kai labarin mutuwa gida-gida, don haka Leszek ya sa baƙar kwat, ya bi layin ƙofa bayan ƙofa da hula a hannu, har gidajen da ba a taɓa buɗe masa ba.

Ranar jana'iza, a ƙofar coci, aka jera masu ɗauka biyu-biyu gwargwadon tsawo don kada akwati ya karkace. Aka gwada nan, aka sauya can. Duk cikinsu ba wanda kafaɗarsa ta yi daidai da ta Leszek sai Tonnie. Tonnie ya dubi Riek, ita kuwa ta dubi takalminta.

Aka ɗaga. Hanyar maƙabarta tsakuwa ce, ga ɗan gangare, ga yayyafi. Riek na biye da su a baya da lemarta. Da suka zo gangaren ƙafar Tonnie ta ɗan zame, sai ta ga hannunsa ya ratsa ta ƙarƙashin akwatin ya damƙi kafaɗar Leszek. Suka wuce gangaren, hanya ta miƙe, hannun yana nan inda yake.