Tsingaron Jiratawa

Da manoman Jiratawa suka haƙa sabuwar hanyar ruwa, sai suka tono tsingaro da yawa a ƙarƙashin yashi. Jami'a ta turo Safiyatu, mai binciken kayan tarihi, ta kwashe shi. A jikin kowane ɓari akwai ƙananan ramuka da ta kasa gane abin da ya yi su. Wani manomi ya ce ta je Tibiri wurin Alisabatu, tsohuwar maginiyar tukwane.

Ta hau kabu-kabu ta je. Ta iske tsohuwar zaune a inuwar bukka, idanunta sun daina gani. Bayan sun gaisa ta sa mata ɓari ɗaya a tafin hannu.

Alisabatu ta daɗe tana shafawa.

"Ƙaiƙayin gero ne," in ji ta. "Ana kwaɓa shi da yumɓu don kada tukunya ta fashe a wuta. Shi ya ƙone, gurbinsa ya tsaya. Haka uwata ta koya mini. Wa ya gina wannan, ɗiyata?"

"Ba mu san sunanta ba, Inna. Ta daɗe ƙwarai da rasuwa. An ga irinsa can arewa cikin hamada, na zamanin da wurin yake da ruwa. Muna zaton mutanen can tare da geron suka gangaro."

Tsohuwar ta ce, "Ashe daga nesa aka kawo mana. Ni kuwa ban ba kowa ba. 'Ya'yana mata suna Sabon Gari, robobi suke sayarwa."

Suka yi alkawari in an gama girbi Safiyatu za ta dawo da kamara, Alisabatu ta gina tulu ɗaya daga farko har ƙarshe.

Da ta dawo, ɗan tsohuwar, Yo'el, ya tare ta a ƙofa. Ya ce ɓarin jikin uwarsa ya shanye tun sati biyu da suka wuce. Duk da haka Alisabatu ta sa aka fito da ita kan tabarma. Safiyatu ta durƙusa ta kwaɓa yumɓun da kanta, tsohuwar tana ƙoƙarin faɗa mata yawan ƙaiƙayin, amma harshen ya yi nauyi. Ko Yo'el bai ji abin da take cewa ba.

Sau uku suna gwadawa cikin wata guda, duk tulunan suka tsage a wuta. Ba su yi na huɗu ba. An binne Alisabatu ranar wata Asabar, kuma Safiyatu ta zauna cikin matan coci har aka watse.